Ruwan leda daban, ruwan wankin gilashi daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni mai wankin gilashi ne a nan Maradi, kuma yau ne karo na farko da na rubuta wa jarida, in an ga karkata a gyara mini. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a cikin watan nan kaɗai samari uku sun same ni da magana iri ɗaya, na ukunsu ɗan ƙanwata ne. Kowa da waya a hannu, yana nuna mini Bature tsaye a ƙasa riƙe da doguwar gora, ruwa na fita ta bakin buroshi, yana wanke tagar bene hawa uku, ba tsani, ba sabulu, ba tsumma. Sai tambaya ta biyo baya: wane inji zan saya, kuma nawa ne? Ɗan ƙanwar tawa har ya yi wa babur ɗinsa na kabu-kabu kuɗi. Na ce ya dakata tukuna. Tunda uku sun zo, na san akwai talatin da ba su san ƙofar gidana ba, kuma da yawansu a waya suke karanta jaridarku.

Da garuwa na fara, ina ɗan shekara 15, ina tura kura cike da jarkoki tsakanin Bagalam da Mokoyo. Daga nan na koma wankin mota a bakin hanyar Ɗan Isa. Gilashi ya shigo rayuwata ne lokacin da Alhazan garin nan suka fara gina benaye masu fuskar gilashi mai duhu tun daga ƙasa har sama, ga bankuna, ga otal-otal, ga kantunan waya. Kayan aikina a lokacin bokiti ne da omo da tsumma da tsanin katako. Kada ka ji haushi, Malam Edita, amma na daɗe ina cin moriyar jarida kafin in fara karanta ta, don babu abin da ke fito da ƙyallin gilashi kamar tsohuwar jarida da aka cukuikuye. A 2019 ƙafar tsani ɗaya ta nutse cikin rairayi ina hawa na biyu. Na sauko da hannun dama, wata biyu ina fama da ɗori. Ina kwance ne wani ya fara nuna mini irin hotunan nan na gora da buroshi.

Ba na jin Turancin Ingilishi, amma kunnena ya kama kalma biyu da mai maganar ke ta maimaitawa: fiya wata. Na ce a'a, ashe abin ma a ƙofar gida yake. Hannu na warkewa na sayi jaka 10 ta ruwan leda, kowace da ƙulli 20 na rabin lita, lita 100 ke nan. Bayan Isha'i ni da yarona muka zauna da reza muna farke leda ɗaya bayan ɗaya muna juyewa a duro, har uwargida ta leƙo ta tambaya ko suna za a yi ba a gaya mata ba. Na sayi sabon famfon feshi irin na gona, na ɗaure tiyo a jikin gora da igiyar roba, na kafa buroshi a kai. Ana sallame Asuba muka nufi benen wani Alhaji a unguwar Zariya. Wallahi aikin ya yi daɗi. Abin da nake yi a wuni, kafin ƙarfe 8 na gama, ƙafata ba ta bar ƙasa ba. Na zauna wajen mai shayi ina kallon gilashin yana sheƙi da danshi.

Da rana ta ɗaga sai ya bushe. Fari-fari, ɗigo-ɗigo, tun daga sama har ƙasa, sai ka ce jikin zabo. Alhaji ya iso wajen ƙarfe 9, bai ko fito daga mota ba. Ya sauke gilashinsa, ya dubi benen, ya dube ni, ya ce, “Malam, wanki na sa ka ko zane?” Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Azahar.” Tsanin nan da na rantse na rabu da shi, shi na aika aka ɗauko, da jaridu. Maigadi ya riƙe mini shi yana dariya har tsanin na rawa.

Wanda ya warware mini matsalar wani dattijo ne mai gyaran batir a kusa da tasha. Na ba shi labari, bai ce komai ba. Ya ɗauko fasasshen madubin mota, ya ɗiga ruwan leda a gefe guda, ya ɗiga ruwan batir, wato tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir ba asid ba, a ɗaya gefen, ya ajiye a rana, ya ci gaba da aikinsa. Can ya miƙo mini. Inda ruwan leda ya bushe ga farin zobe, inda ruwan batir ya bushe kamar ba a taɓa ɗiga komai ba. Ya ce, “Ɗana, ka taɓa leƙa cikin butar mai shayi? Wannan farin da ke manne a gindinta daga ina ya zo?” Na ce, “Daga ruwa, Baba.” Ya ce, “To shi ka shafa wa Alhaji.”

Ruwan da ya ratsa ƙasa yakan narkar da farar ƙasa da gishiri iri-iri ya taho da su. Ido ba ya ganinsu, kyalle ba ya tace su, tafasawa ma sai dai ta ƙara musu kauri. In ruwan ya bushe shi ya tafi, su kuwa su zauna a kan gilashi. Mai ruwan leda don sha yake yi, ba dole ba ne ya cire su, kuma ruwan da aka kwashe masa su ƙaf lami yake a baki. Abin da Baturen nan ke nufi da fiya wata ɗan'uwan ruwan batir ne. Suna ne kawai ya zo ɗaya da namu na leda.

Saboda haka abin da za a fara saya ba inji ba ne. Wani ɗan ma'auni ne mai kama da ƙaton biro, da haruffa TDS a jikinsa, kuɗinsa bai kai na buhun siminti ba. Ka tsoma bakinsa a kofin ruwa, ya nuna maka lamba. Lambar nan kusan miligiram nawa ne na narkakken abu a cikin lita ɗaya. Yana ganewa ne ta yadda wutar lantarki ke ratsa ruwan, don gishiri ne ke ba wuta hanya. A sana'armu ruwan da ya wuce 10 bai dace ya bushe da kansa a kan gilashi ba, sifili kuwa shi ake so, musamman a baƙin gilashin nan da Alhazai ke ƙauna, wanda ba ya rufa wa kowa asiri.

Ina da ɗan littafi da nake rubuta awon duk ruwan da na ci karo da shi. Famfon gidana yana yawo tsakanin 140 da 190, ya danganta da lokacin shekara. Rijiyar burtsatsen wani otal da nake wa aiki ta ba ni 380. Ruwan leda na wani kamfani 90, na wani 210. Ruwan sama da na tara daga kwano, bayan ruwan farko-farko ya wanke ƙurar rani, bai kai 20 ba. Ruwan da ke ɗiga daga bayan kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi su duka kyau, sai dai da damina yake zuba, da hunturu iska ta bushe, ko kofi ba ka cikawa. Kada wani ya ɗauki lambobin nan ya tafi kasuwa da su. Nawa ne, na famfona. Wanda ke can ƙasa kusa da Gulbi da wanda ke tudu ba lallai su samu abu ɗaya ba, maƙwabta biyu ma in rijiyoyinsu ba zurfi ɗaya ba sai a ga bambanci.

Bari in ratse kaɗan, don na ga wasu sun fara yawo da wannan biro suna tsoma shi a randunan mutane suna cewa wannan ruwa na sha ne, wancan ba na sha ba. Ƙarya ce. Ba ya ganin ƙwayar cuta, ba ya bambanta gishiri mai cutarwa da marar cutarwa. Mu mutanen yankin nan ba ma buƙatar a ba mu labari, mun ga abin da ya faru a Tsibiri, inda ruwan burtsatse garai-garai mai yawan sinadarin fuloraid ya ɓata haƙoran yara ya lanƙwasa ƙasusuwansu, tun daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa wannan sinadari miligiram 1.5 ce a lita. Biron da ke nuna 150 yau, 160 gobe, ina zai gane wannan? Na gilashi ne, a bar shi a gilashi. Shi ma ruwan da muke tacewa ba na sha ba ne, na hana yarana ko kurɓa.

To, in ka san lambarka, hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko rezin kaɗai. Wasu 'yan ƙwayoyi ne masu ruwan zuma, kamar ƙwan kifi, ana cika wata tukunya mai kama da ta gas da su. Ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can da sifili. Ba wuta, ba famfo, ba asarar ruwa ko ɗigo. Duk wanda ya gani sai ya ce shi ke nan an gama, ni ma haka na ce. Abin da mai sayarwa ba ya faɗa shi ne rezin ciki gare shi, kuma cikin na cika. Iri biyu ne a gauraye, kowanne na kama nasa ɓangaren gishirin, in sun ƙoshi sun ƙoshi. Ruwa mai 300 zai cinye shi ninki uku na saurin ruwa mai 100. Shi ya sa masu wannan sana'a ke cewa rezin kaɗai na wanda ruwansa bai wuce 100 ba ne, ko wanda aikinsa ɗan kaɗan ne.

A 2022 na je Kano na sayo tukunya mai cin lita 10 da buhun rezin mai lita 25. Da ruwan gidana cikawa ɗaya takan kai ni kusan mako biyu, ina ta murna. Sai na samu babban aiki a otal ɗin nan da na ambata. Ganin ga famfo a harabarsu, na ce me zai sa in yi dakon jarka, na jona tiyo kai tsaye ban auna ba. Ranar farko sifili. Rana ta biyu da yamma 4. Rana ta uku da hantsi 30, ruwan kuma ya fara wani ƙarni kamar na kifi, wanda daga baya na gane alamar rezin da ya mutu ke nan. Sabon zubi ne fa, kwana uku. Da na zauna na yi lissafi, ribar aikin duk ta tafi a cikin tukunyar.

Ban gama farfaɗowa ba aka shiga abin da aka shiga bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ba siyasa na zo yi ba, kowa ya san an rufe iyaka, an kuma yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, sai a watan Maris na 2024 hanya ta buɗe. Tsawon watannin nan rezin ya gagare ni. Na zaga babbar kasuwa, na zaga masu kayan famfo da masu kayan sola, wasu ma ba su taɓa jin sunansa ba. Gora na jingine a zaure, ni ina bisa tsani da jarida. Tun daga lokacin in zan sayi kowane irin inji, tambayata ta farko ita ce: abin da yake ci, ina ake samunsa, kuma in hanyar Jibiya ta toshe fa?

Hanya ta biyu ita nake kai yanzu: a sa mambaran kafin rezin. Mambaran wata fata ce siririya da aka naɗe kamar tabarma a cikin bututu. In an tura ruwa da ƙarfi, ruwan zalla ya ratsa ta, gishirin ya tsaya, wani ruwan ya wanke shi ya fita ta wata ƙofa. Mai lafiya tana cire kashi 95 cikin 100 ko fiye. Ruwa mai 200 sai ya fito 10 ko ƙasa da haka, rezin ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Zubin da ke yi mini mako biyu yanzu yana kai ni watanni. Jerin kayan kuwa haka yake tafiya: matacin laka, matacin gawayi, famfon ƙara ƙarfi, mambaran, rezin, sannan tanki.

Amma ita ma amarya ce mai sharuɗɗa. Na farko, ba ta shiri da jabel, wato kilorin. Ruwan famfo ana sa masa kilorin don kashe cuta, shi kuwa kilorin cin fatar yake a hankali har ta huje. Gawayin nan shi ke tare shi. Ya fi komai araha a jerin, kuma shi mutane suka fi mantawa su sauya, sai a wayi gari an yi asarar mai tsada saboda rowar mai araha. Ni na rubuta ranar sauyi da alli a bangon ɗakin. Na biyu, tana son ƙarfin ruwa, ƙananan ma suna neman bar 4 zuwa sama a ma'aunin ƙarfin ruwa. Wanda ya san famfon garin nan a watan Afrilu ya san ba kullum ake samun haka ba. In ruwa ba ya iya hawa tankin saman ɗakinka da rana, to ka sa kuɗin famfon ƙara ƙarfi a lissafi, ka kuma tuna shi ma wuta yake ci.

Na uku shi ya fi damuna, ni da na yi garuwa. Duk jarka ɗaya ta ruwa mai kyau, sai jarka ɗaya zuwa uku ta fita ta ƙofar baya. Mutumin da ya tura kura cikin rairayi da azumi a baki ba zai iya kallon wannan ruwa na bin lambatu ba. Ba ƙazanta ba ce, gishirinsa ne ya ƙaru. Nawa duro biyu nake tarawa, a yi wanki da shara da ban-ɗaki, wani maƙwabcina mai buga bulo ya kwashe saura. Wanda yake gidan haya mai mita ɗaya, ya yi magana da mutanen gida tun kafin takardar kuɗin ruwa ta zo ta yi masa maganar.

Sai zafi. Takardar da ke cikin kwalin mambaran ta ce kada ruwa ya wuce digiri 45. Baturen da ke cikin waya sanyi yake tsoro, kada ruwa ya daskare masa a tiyo. Mu namu akasin haka ne. Baƙin tanki a saman kwano da bazara, ruwan da ke sauka daga cikinsa da Azahar ko alwala ba ka iya yi da shi. Saboda haka da dare nake tace ruwana, injin kuma yana cikin ɗaki. Kada kuma a bar mambaran ta bushe ko ruwa ya daɗe a cikinta ba motsi. In zan tafi ƙauye girbi, sai na bar wa yarona aikin kunna ta na ɗan lokaci duk bayan kwana biyu ko uku.

Akwai lamba a jikin kwali da ke ruɗin mutane: 75, 100, 400. Galan ne na Amurka a cikin awa 24, galan ɗaya kuwa lita 3.8 ne. Mai 100 ke nan lita 380 a kwana, wato wajen lita 16 a awa, ko jarka ɗaya ba ta cika ba. Mai 400 tana ba da kamar lita 60 a awa, in ruwa da ƙarfi. Kada ka lissafa da awa 24. Ka lissafa da awannin da ruwa da wuta suke haɗuwa a gidanka, su ne naka. Ni mai 400 gare ni, ta ishe ni. Akwai babba da ake kira 4040, ta masu mota da tanki a baya ce, ban ga aikin da zai ciyar da ita a hannun mutum ɗaya a garin nan ba. Wanda kuma ya ce zai yi dabara da ƙaramin injin tace ruwan sha na kicin, zai yi, amma ya duba matacin ƙarshe. Wasu an sa musu wanda ke mayar wa ruwa ɗan gishiri don ɗanɗano. In bai cire shi ba, zabon Alhaji zai dawo.

Jarkoki shida nake fita da su, masu lita 25. Buroshi na cin lita 1 zuwa 2 a minti, ƙaramin famfo mai bolt 12 da batir ke tura ruwan. Jarkar ta zama sabuwa. Rawayar nan ta man girki, ko ka wanke ta sau goma, maiƙon na nan, kuma a gilashi zai fito kamar bakan gizo. Haka famfon feshin da ya taɓa shan maganin ƙwari, a bar shi a gona.

Maganar gora gajera ce. Tana zugewa kamar eriyar rediyo. Ta alminiyam ta fi araha ta fi nauyi, ta kabon ta fi sauƙi a hannu ta fi tsada, akwai ta fayiba a tsakani. Hawa ɗaya na bene mita 3 ne da ɗan abu, don haka mai mita 6 zuwa 7 ta ishi yawancin gine-ginenmu. Wanda ya sayi mai mita 12 don burga, wuyansa da kafaɗarsa za su gaya masa. Abu ɗaya dai ba na wasa da shi: alminiyam da kabon duka wuta na bin su, jiƙaƙƙiyar gora kowace iri ce ma haka, wayoyin lantarki kuwa a wasu titunanmu dab da baranda suke wucewa. Kafin in zuge gora sai na ɗaga kai. Akwai bene biyu da na ƙi karɓar aikinsu saboda wannan, masu su har yau suna ganin girman kai ne.

Sauran abin da waya ba ta nunawa shi ne garinmu. Tagogin gidajenmu da yawa ƙarfen tsaro ne a wajensu, buroshi ba ya shiga. Masu nako kuwa, wato tagogin nan masu ƙananan gilasai jere-jere, in ka fesa ruwa, a kan katifar mai gida zai sauka. Waɗannan har gobe aikin hannu ne. Da buji, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka wanke da safe, kafin La'asar yaro ya rubuta sunansa da yatsa a jiki. Ƙurar nan yashi ce, in ka dirje ta a bushe za ta karce gilashi, sai ka jiƙa sosai kafin buroshi ya taɓa. Ka fara da firam ɗin sama ka bar shi ya tsane, in ba haka ba laka za ta riƙa gangarowa bayan ka tafi. Kada ruwa ya taɓa filastar siminti da ke saman taga, don zai jiƙo farar ƙasa ya sauko da ita, ka yi ta zargin rezin alhali ba ruwansa. Gilashin da rana ta gasa kuma yana shanye ruwa kafin dattin ya gangara, shi ya sa aikina daga Asuba ne zuwa hantsi, ina bin inuwa.

Ga kuma mutane. Wankin da ba a goge ba, a wurinmu ba a gama shi ba. Sau nawa ina naɗe tiyo in juyo in tarar da maigadi ya ɗauko tsummansa na goge mota yana taimaka mini da tagogin ƙasa. Yanzu kafin in fara sai in ce, “Baba, don Allah ko ka ga yana hawaye ka ƙyale shi.” Wani manaja sai da na wanke masa taga ɗaya kyauta, muka zauna muka sha shayi har ta bushe a gabansa, sannan ya yarda.

Gaskiyar da zan ƙara ita ce gilashi kaɗai bai riƙe ni ba. Rabin abin da nake samu yanzu daga farantan sola ne. Tun wahalar wutar nan kowa ya ɗora su a saman kwano, ƙura na rufe su, ƙarfinsu na raguwa, ruwan rijiya kuma yana bar musu farin da ba ya fita da sauƙi. Kayan aikin ɗaya ne, buroshi mai laushi da ruwa mai sifili, da sassafe kafin su yi zafi.

Ɗan ƙanwata ya dawo shekaranjiya ya ce, “Kawu, to yanzu me zan saya?” Na ba shi birona na awo da littafi. Na ce ya auna famfon gidansu safe da dare har mako guda. Ya hau babur ɗin nan da yake son sayarwa ya zaga gari, ya ƙirga benaye masu gilashi marasa ƙarfe a waje da gidaje masu sola, ya shiga ya tambayi wa zai biya duk wata, ba sau ɗaya ranar jajibirin Sallah ba. In ya samu goma, zan riƙa ba shi ruwa jarka biyu kullum da tsohuwar gorata ya gwada wata guda. Babur kuwa ya bar shi, shi zai ɗaukar masa jarkokin. Ya tafi yana ƙunƙuni, uwarsa ta kira ni da dare tana godiya.

Roƙona biyu ne, Malam Edita, in za ka ba ni fili. Na farko ga 'yan kasuwarmu masu shigo da kayan sola da na famfo: ku haɗo mana da rezin da matacin gawayi da biron awo. Rezin ɗin a ƙulla shi lita 5-5 a leda mai kauri da ba ta shan iska, don in ya bushe ya lalace, kuma ba kowa ke da kuɗin buhu ba. Na biyu ga malaman kimiyyar sinadarai na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Rezin da ya mutu ana farfaɗo da shi, sai an raba iri biyun nan, a wanke ɗaya da asid, ɗaya da soda irin ta masu sabulu. Aiki ne mai haɗari, ba na so in ji wani yaro ya gwada a tsakar gida ya rasa ido. Amma in akwai wanda zai iya yi mana shi a ɗakin gwaji da kuɗi daidai ƙarfinmu, ni ne zan fara kai nawa. Buhu huɗu na nan jibge a zaure na kasa zubarwa, uwargida kuwa ta ba ni wa'adi zuwa babbar Sallah.

Wassalam.

Naku,
Mai wankin gilashi,
Unguwar Burja, Maradi.